Abin da Baba Ya Zaro Daga Bututun Iska

Ku yi haƙuri da karambanina, ban taɓa rubuta labari na nuna wa kowa ba.

Sau uku Baba yana tayar da injin jirgin ruwan, sau uku injin yana tari ya mutu. Sati biyu ya yi yana faɗaɗa ƙofofin iska a akwatin injin, ya sa sabon bututu don ya daina zafi. Ranar gwajin ina bakin ruwa, na kawo masa abinci.

"Malam, zafi kawai yake yi da na kawo maka shi," in ji mai jirgin. "Yanzu ka mayar min da shi mai asma! In bai tashi ba, jiragena biyar duk wani zan kai wa."

Baba ya kwance bututun, ya zura hannu har gwiwa. Sai ya tsaya cak.

Ya zaro ƙaramin littafi, duk ya cukuikuye. Nawa ne. Can na cusa shi lokacin da jirgin ke garejin Baba, don Yayana ya daina karanta wa abokansa sirrina suna dariya.

Baba ya buɗe, ya ga rubutuna, ya tura a aljihu.

"Mene ne?" in ji mai jirgin.

"Littafin awona ne, ranka ya daɗe. Ni na manta shi a ciki."

"Ka manta? To tattara kayanka, mun gama."

Baba ya sunkuya yana tsintar sifanoninsa ɗaya bayan ɗaya. Na sulale ta bayan rumfa kafin kowa ya waiwayo.