Raket Biyu a Hannuna

Da la'asar Kawu ya iso daga Abuja da sabuwar raket ta badminton, saura kwana kaɗan gasar makarantu. A tsakar gidanmu na Gangaren Tudu muka gwada ta, igiyar shanya ce ragarmu. Tsohuwar tawa ta katako ce, ta karkace, amma da ita nake cinye 'yan ajinmu.

Sabuwar ba nauyi, kamar ban riƙe komai ba. Duk ƙwallon da Kawu ya turo, sai in ji "ƙwas" a bakin ƙarfen raket ɗin, ta faɗo gabana.

Na ce, "Kawu, wannan ba ta da kyau." Na ruga ɗaki na ɗauko tsohuwar.

Ya turo, na kai duka, na bugi iska. Ya sake turowa, na sake kuskurewa. Tawa ma ta guje ni! Idona ya cika da hawaye.

Shi kuwa dariya ya yi, ya ce, "Madalla, 'yata. Hannunki ya fara mantawa da tsohuwar."

Har ya rasu ban tambaye shi ba, yabo ne ko lallashi? Na dai tuna ina tsaye da raket biyu, ba wadda ta san ni.