Siririyar Magudana

Naman ya iso da ɗuminsa cikin ɗan kwanon ƙarfe, bai fi ƙwayar wake girma ba. Kaluluwa ce daga hammatar wata mata mai sankarar mama, tana kwance a ɗakin tiyata an riga an tsaga ta, ana jiran hukunci daga saman bene.

Mai-ido ce za ta yanke hukuncin. Haka duk asibitin ke kiranta, don ita kaɗai ce likitar duba nama a wurin, kuma abin da idonta ya gani a madubin ƙara girma shi wuƙa take bi. In ta ce cutar ba ta iso nan ba, a ɗinke matar a tashe ta. In ta ce ta iso, a kwashe kaluluwar hammatar gaba ɗaya, hannun kuwa yana iya kumbura har ƙarshen rayuwa.

Mataimakinta, wanda ake wa laƙabi da Mahauci saboda shi ke daskarar da nama ya yanka shi sirit kamar ɓawon albasa, ya ajiye yankan a kan ɗan gilashi gabanta ya juya. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, yau gaisuwa ma sai da ta ciro masa ita.

Wayar bango ta yi ƙara. Dogo ne, likitan tiyata, abokin karatunta tun ajin farko. Kullum da tsiya yake farawa, ya tambaya ko ta farka ko a aiko mata da shayi. Yau cewa ya yi, "Likita, muna jiranki. Ki duba a tsanake."

Ta mayar da wayar. Ta tuna matar Dogo, yadda ta rame a ganinsu na ƙarshe, tana ta dafe kafaɗa. Ta kalli kwanon. Lamba ce kawai a jiki, ba suna. To, ai biri ya yi kama da mutum. Ba ta tambaya ba, don sanin mai nama ba ya ƙara wa ido kaifi.

Dā ta so ta tashi da wuri. Innarta za ta dawo da yamma daga wajen ƙanwarta, ta kuma yi alkawarin ɗauko ta a tasha. Tun safe wayar tsohuwar a kashe, amma Inna da cajin waya ba su taɓa shiri ba. Ta ture wannan gefe, ta kafa ido.

Ta san halin cutar kamar yadda ake sanin halin mugun maƙwabci. Sankara ba ta tafiya sai da hanya. Yaudarar ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyar jini take yi, su gina mata sababbin jijiyoyi karkatattu masu yoyo, ta riƙa shan abinci. Amma in za ta gudu, ta fi son ɗaya hanyar: siraran magudanan ruwan jiki, waɗanda ba jini a cikinsu, bangonsu kuma sako-sako kamar ƙofar da aka manta ba a kulle ba. Ta nan take sulalewa ta sauka a kaluluwa.

Gilashin farko fes yake. Ta bi shi lungu-lungu, ba baƙo ko ɗaya. Har ta ɗora hannu a kan waya, tana murna za ta yi wa Dogo albishir, sai idonta ya maƙale a can gefe. Wani ɗan fili ne fari, da duhu-duhu a bakinsa. Ƙanƙara kan tsaga nama ta bar irin wannan. Magudana ma haka take.

"Mahauci, ƙara yanko mini daga ciki."

Yankan farko ya yage a hannunsa. Bai taɓa yi mata haka ba. Wayar ta sake ƙara, ta bar ta tana yi. Duk jinkirin da aka yi a nan, matar can ce take biya da ƙarin maganin barci a jikinta.

A gilashi na biyu filin ya buɗe. Ga ƙwayoyin bango nan a kwance, shafal-shafal, sun zagaye shi. Ba jan jini ko ɗigo. A tsakiya kuma wani dunƙulen baƙin ƙwayoyi ya cushe, masu manyan idanu baƙaƙe, sun rungumi juna kamar fasinjojin da suka sami mota.

Ta ɗaga wayar. "Ta shigo. A kwashe duka."

Dogo ya ce, "Kin tabbata? Hannun dama ne. Da shi take komai."

Tausayinsa ya kama ta, shi ya sa ta ƙara taurara murya. "Hannu kake so ko rai? Ko ni ce kwance a wurin, abin da zan ce ke nan. Yi aikinka."

Da la'asar ta ɗauki jaka da makullin mota, ta biya ta ɗakin farfaɗowa, tana shirya kalmomin da za ta ba shi haƙuri da su. A bakin ƙofa ta tarar da matar Dogo tsaye da ƙafafunta, lafiya ƙalau, riƙe da kwandon abinci. Da suka haɗa ido matar ta sunkuyar da kai.

Dogo ya fito, hular tiyata a hannu, idanunsa jawur.

"An gama lafiya," ya ce. "Ki yafe mana. Cewa ta yi idonki kaɗai ta yarda da shi, in kuwa kin sani, hawaye zai hana shi gani. Sai da ta sa muka rantse."

"Wa?"

Ya zare makullin daga hannunta a hankali, ya tura mata ƙofar. "Ba sai kin je tasha ba. Shiga, Inna ta farka, ke take kira."