Madam Edith da Kwamfutar Masaƙa

A karo na uku cikin mako ɗaya, Lawal ya zaro faifai daga cikin kwamfuta ya tarar an ninke shi biyu kamar wasiƙa.

"Ƙin shiga ya yi, ɗana," in ji Madam Edith Bitrus, shugabar masu buga tafireta. "Na ce ko faɗi ya yi masa yawa."

Lawal ya ja tsaki. Wata shida ya yi a Legas yana koyon kwamfuta, ga shi ya ƙare a wata masaƙa a Kakuri, yana fama da matar da ke lulluɓe inji da zani don kada sanyi ya kama shi.

A shekarar 1987 ne masaƙar ta karɓo kwamfuta biyu, gwaji na wata uku. In sun yi aiki, za a sallami tara daga cikin mata goma sha biyu da ke ofishin. In ba su yi ba, dillalin da ya turo Lawal da su ya kwashe kayansa, Lawal ya bi su. Kowa ya san haka, kuma Lawal bai taɓa shakkar inda za a ƙare ba.

A wurin cin abincin rana, labarin Madam Edith ne abin dariyarsa. Da ya ce mata ta kwafi faifai, sai ta kai shi injin fotokwafi ta kawo masa hotonsa a takarda. Ta yi kuskuren rubutu, ta shafa farin ruwan gyara a kan gilashin kwamfutar. Ta manne faifai a jikin kabad da maganaɗisu, wai don kada ya ɓata, aikin kwana huɗu ya goge. Abin haushin, kullum faifan da ya fi muhimmanci hannunta ke faɗa wa.

"An ce a wata jami'a ta yi aiki kafin mijinta ya rasu," Lawal ya faɗa wa direbobi. "Shayi take dafa musu, na rantse."

Ita kuwa ba ta zuwa cin abinci. Takan zauna ita kaɗai a ofis, ta ce azumi take.

A wata na biyu injunan suka tsiro da sabuwar cuta. Kowace Alhamis, daidai lokacin da manaja, Alhaji Shu'aibu, ke zagayen ofisoshi, sai su daskare. Lawal ya sauya waya. Ya ɗora wa wutar lantarki laifi, ya ɗora wa zafi, ya ce matan ne ke taɓa abin da ba su sani ba. Ya kulle ɗakin da kansa ranar Laraba, ya tafi da makullin gida. Ranar Alhamis suka daskare.

Alhaji Shu'aibu ya daɗe tsaye gaban gilashin da ba ya motsi, bayansa kuma tafiretoci goma sha biyu na ta ƙara.

"Malam Lawal, waɗannan ba su taɓa tsayawa ba," ya ce. "Ka shaida wa mutanenka su zo su ɗauki kayansu."

Ranar kwashe kaya Lawal ya zauna share abin da ke cikin injunan. Can ya ci karo da wani ɗan shirin kwamfuta da ba shi ya rubuta ba, layi goma sha huɗu, an ɓoye shi inda bai taɓa tunanin dubawa ba. Aikinsa ɗaya ne: ya duba kalanda da agogo, in lokacin zagayen Alhamis ya yi ya tsayar da komai. Sai da ya yi awa guda kafin ya gane yadda aka ƙulla shi.

A ƙarshensa an bar masa saƙo: "Ɗana, shirinka na jera sunayen ma'aikata ma yana da kuskure a layi na tara, na gyara maka. Ni na fara wannan aiki tun ana huda kati a ba wa kwamfuta umarni, kana firamare. Edith Bitrus."