Ƙwayar Ladidi

Tun da gubar dalma ta gama da rijiyoyin garinmu aka kafa doka: duk mai haƙar zinariya, ƙwayar bitamin ɗaya kowace safiya, don kare hanta. Wanda ba ya shiga rami ba shi da rabo. Ƙwayar tana rina harshe ja, da haka ake gane ka sha.

To, ni ba jiya aka haife ni ba. Wata bakwai ina cusa tawa a hula, in tauna jan goro, in kai wa matata Ladidi.

Yau malamin asibiti ya duba harshena, ya ɗaga fatar idona.

"Baba, wannan jan na goro ne. Amma idonka fari tas, hantarka lafiya lau. Wa ke ba ka magani?"

Na koma gida da hantsi. Na tarar da Ladidi durƙushe, tana murje ƙwayar jiya da bayan ludayi cikin kunun jar dawar da take aiko mini rami.

"Malam, yau da wuri haka?"

Ta ɗago. Na daɗe ban kalli idanunta da rana ba. Sun yi rawaya kamar garin ɗorawa.