Kwana Tara Ba Magariba

Yana cewa kwana tara rana ba ta faɗi ba, Kawu Rabe ya ƙware da shayi.

Mukhtaru ne mai maganar, yaron nan da ke dafa wa wani attajirin Balarabe abinci. Juma'a ce bayan la'asar, a falon Alhaji Muttaka da ke unguwar Jarwal a Makka, kuma ranar Alhaji ya ce zai ba shi amsa kan neman auren 'yarsa Tahani. Wata huɗu Mukhtaru yana jira. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa tun farko: ba waya, ba saƙo tsakaninsa da yarinyar har a yanke magana. Aka karya, halas, zance ya mutu.

To da ya yi shiru ya sha shayinsa, da yanzu wani labarin ake. Amma Kawu Rabe, ƙanin Alhaji, ya tambaye shi ina ya ɓace kwanakin baya, shi kuma sarkin gaskiya ya buɗe baki.

Wai kafil ɗinsa, wato maigidan nasa Balarabe, ne ya tafi da shi hutun kamun kifi can ƙarshen arewa, ƙasar Norway, don ba ya cin girkin kowa sai nasa. Jirgi uku suka hau, sannan mota, sannan kwale-kwale mai inji. Ɗakin katako a bakin ruwa, duwatsu da ƙanƙara a kai, ba gida ba masallaci. Ya ce ya ga barewa garke guda, ƙahonsu kamar rassan bishiya. Mikiya ta fizge kifi a gabansa. Wani kifin kuma ya taso kusa da su yana fesa ruwa ta ka, girmansa ya kai bas ɗin Muzdalifa.

Duk wannan sun haɗiye shi da ƙyar. Maganar ranar ce ta tsaya musu a wuya.

Kawu Rabe, mutumin da shekara talatin iyakar tafiyarsa daga Jarwal zuwa titin Mansur sayen tsire, shi ne ya zama masanin duniya. Ya ce ko ranar can ba ta da gida ne. Ya ce ƙila Jidda aka kai yaron kasuwar kifi, fitila ta ruɗe shi. Falo ya ɗauki dariya, har tiren da ake miƙowa ta bayan labule sai da ya yi rawa.

Mukhtaru ya ciro jawwal, wato wayarsa, ya nuna bidiyo: agogon hannunsa ƙarfe biyun dare, rana tana zaune kan ruwa. Alhaji ko kallo bai yi ba. Ya ce agogo da yatsa ake juya shi, abin cikin waya kuwa yanzu har biri ana sa wa ya yi huɗuba.

Wanda ya fi ban haushi Abdulquddus ne, ɗalibin ilimin nan da ke zuwa gaida Alhaji kowace Juma'a da turare a aljihu. Shi fa ya san maganar. Sun karanta a fiƙihu, har da yadda mutanen irin waɗannan ƙasashe ke sallah. Alhaji ya juyo ya tambaye shi, sai ya shafa ɗan gemunsa ya ce, Allahu a'alamu. Ilimin ke nan. Shi ma Tahanin yake so, kowa a unguwa ya sani, ban da Alhaji.

Sai Alhaji ya ajiye kofi. Shi ba ya dariya in ana batun sallah.

“Mukhtaru, in rana ba ta faɗuwa, yaya ka yi da magariba?”

Ya ce lokacin Makka ya bi. Jadawalin wayarsa ya rikice a can, don haka akwai wanda ke kiran sa ta bidiyo sau biyar kullum, ya jiyar da shi kiran sallar Harami ta taga, shi kuma ya yi alwala da ruwan da ke ƙona hannu don sanyi. Ko ɗaya bai rasa ba.

Alhaji ya ce madalla, an samu shaida. Wane ne? A kira shi yanzu. In ya ce shi ma ya ga ranar nan, ya ba shi Tahani kafin kowa ya tashi daga wurin.

Mukhtaru ya kalli kafet. Kawu Rabe ya ce ko lambar ma ta daskare ne. Abdulquddus ya yi murmushi cikin kofi. Aka sake tambayar Mukhtaru, ya ce amana ce, ba zai faɗi suna ba. Alhaji ya ce talaka yana ba shi, marar igama, takardar izinin zama, ma zai duba, amma wanda zai yi ƙarya har cikin sallah, a'a. Ya ba shi zuwa Juma'a mai zuwa ya kawo mutumin, ko kada ya ƙara hawo benen.

Ya sa takalmi ya sauka, Kawu Rabe yana bin sa da a gaida rana.

Yau Laraba. Bai kawo kowa ba, kuma na san ba zai kawo ba, don tagar da ake jin kiran Harami ta ɗakina ce, kuma da idona na ga ranar nan tana haska fuskarsa ana kiran asuba. Ni ce Tahanin. To ku faɗa min, in yi shiru Baba ya kore shi a matsayin maƙaryaci, ko in buɗe baki ya kore shi a matsayin wanda ya karya sharaɗi sau arba'in da biyar?