Gicciye a Akwatin Baba

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a Baba ya dawo Daura daga yaƙi, ya daina shiga mutane. Maƙwabta suka fara raɗe-raɗin wai ya bar addini a can. Ni ma na sa masa ido, har alwalarsa nake leƙe.

Wata rana bayan la'asar na buɗe akwatinsa mai ƙamshin kafur. A ƙarƙashin kakin soja na tarar da ɗan gicciyen katako naɗe a ƙyalle. Ina waiwayowa na gan shi tsaye a bakin ƙofa.

Na ce, "Baba, har yanzu kai Musulmi ne?"

Ya ce, "Gicciyen na wanda ya goya ni ne ranar da aka harbe ni. Da zai cika ya ce in kai wa mahaifiyarsa. Amana ce, kuma ban san garinsu ba."

Ban gaskata shi ba, kuma ya gani a fuskata. Yanzu Baba ya rasu, amanar tana akwatina. Kullum a kulle yake, don kada 'ya'yana su yi mini irin kallon da na yi masa.