Maginiya da Gammon Bayanta

An yi wata maginiya da duk unguwarsu babu mai kama ƙafarta a ginin randa. Randa kuwa a duƙe ake gina ta, ana zagaya ta har ta tashi. Tana da shekara arba'in da 'yan kai ciwon mara ya kai ta asibiti, aka yi mata aiki, aka cire mata ƙwayayen haihuwa duka biyun. Ranar sallama likita ta ce mata, "Iya, tsakanin ƙasusuwan bayanki akwai wani abu kamar gammo. Abin da muka cire yana cikin masu riƙe masa laushi. Ki rage ɗaukar kaya, ki riƙa dawowa muna dubawa." Ta ce to. Amma tun a hanya ta ƙudura babu mai jin wannan zance, don a ganinta macen da aka raba da abin nan ta zama abin nuni. Ta ce wa mata ɗan ƙari ne aka cire. Ɗinki na warkewa ta koma ramin yumɓu, tana cika kwando fal kamar da, don kada a ga sauyi a fara tambaya. Takardar asibiti ta shige ƙasan akwati. Har tsokanar wata ƙawarta take yi, wadda ta daina zuwa rami ta koma kan kujera tana gina kasko da asusu, wai lalaci ya kama ta tun ba ta tsufa ba.

Damina biyar ana haka, ciwo ya kama ƙugu, ya gangara ƙafa. An sha jiƙo, an yi ƙaho, duk a banza. Wata safiya ta duƙa kan randa rabin gini, ta kasa miƙewa, sai ɗaukar ta aka yi. Hoton asibiti ya nuna gammon nan ya lotse. Allah sarki, randar a haka ta bushe, ko baki ba a yi mata ba.

Da ƙawar ta zo dubiya, maginiya ta fashe da kuka ta faɗi abin da ta ɓoye. Ƙawar ta sassauta zani, ta nuna mata tabo irin nata sak. Ta ce, "Ni ma abin da aka gaya mini ke nan, 'yar'uwa. Da kin faɗa, da tare muka zauna." Ita ƙawar kuwa da ƙafarta ta zo, da ƙafarta ta koma gida.

Shi ya sa magabata suka ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.